Abin da Ke Cikin Bangon Iya Gambo

Ranar sunan 'yar Sadiya ina ɗaki ina jin ku a tsakar gida, kun ɗauka barci nake. Wata baƙuwa ta tambayi yadda aka yi kuka dawo Kano alhali a Jidda aka haife ku, Abba ya yi dariya ya ce ai bakin Umma ne ya kwaso mu, sauran kuka taya shi. Ban fito ba, don ranar farin ciki ce kuma akwai surukai a gidan. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Shekara da shekaru kuna faɗinta, wani lokaci cikin wasa, wani lokaci da gaske, ni kuma ina haɗiyewa. Yanzu babanku ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ma ba yarinya ba ce, kuma ba zan bari jikokina su tashi da labarin nan a karkace ba. Ku karanta, kada wanda ya tsallake layi.

Babanku, Malam Sani, yana aiki a wani kamfani a kudancin gari inda ake ƙera ɗakuna. Ba ginin bulo ba ne, na kwano da katako ne, ana haɗa su a rumfa a ɗora wa tirela a kai wa 'yan kwangila can cikin sahara ko bakin teku su zuba ma'aikatansu. Baraks ake ce musu. Mai kamfanin shi ne kafilinmu, wato mai tsaya mana wajen hukuma, da sunansa aka yi wa babanku iƙama, takardar izinin zama, ni da ku kuma muna rataye a jikin tasa. In ya ga dama mu zauna, in bai ga dama ba mu tattara. Aikin babanku shi ne na ƙarshe a layi: ya sa ƙofa da tagogi, sannan ya buga wani ɗan faranti kore a gefen ƙofar, wanda ma'aikata ke ce wa tambari. Ma'anarsa an duba ɗakin an tabbatar tsakanin kwanon waje da katakon ciki an cusa audugar gilas, wata rawaya mai ƙaiƙayi, wadda ke tare zafi ta hana na'urar sanyi shan wuta da yawa. A shekarun nan an fara matsa wa manyan 'yan kwangila a kan wuta, ba sa sayen ɗaki sai da tambari, shi ya sa lokaci-lokaci wani injiniya daga kamfanin masu dubawa yake zuwa ya zaga ya sa hannu. Ni dai abin da na sani, duk ranar da babanku ya ce in goge masa kayan aiki da kyau, to gobe mai dubawa zai zo.

Iya Gambo kuma kun tuna ta, tsohuwar nan da ke ɗaure muku gyaɗa a bakin zane. Ba ita ta haife ni ba, amma da na zo Jidda ina amarya ban san ko gaisuwa da Larabci ba, ita ta kama hannuna. Ita ta yi mini wankan jego duk haihuwar da na yi, ita ta zage ni lokacin da nake buƙatar zagi. Ta zo aikin Hajji tun ana biyowa ta Sudan, ta zauna, ba iƙama ba komai, tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a wajen Bab Makka. Ɗakinta a saman wani bene yake a unguwar Hindawiyya, na guntayen katako da tsohon kwano, duk ɓuli, iska na ratsa shi ta ko'ina. In rana ta take sai ta sauko ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin matakala inda akwai inuwa, har la'asar ta yi sanyi. Haka ta yi rayuwarta, da hawan jininta da komai, har shekarar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya narkar da rabin ɗakin.

Mu matan unguwa muka taru a ɗakin Hajiya Talatu, maƙwabciyarta ta ƙasa, muka ce abin kunya ne tsohuwar da ta yanke wa 'ya'yanmu cibiya ta kwana a ƙarƙashin leda. Wasu suka ce a sake haɗa mata na katako. Ni ce na ɗaga murya na ce a'a, mu saya mata baraks ƙarami mai tambari. Mai benen kuwa wayar wuta ɗaya siririya ya ja mata zuwa sama, ba ta ɗaukar sai ƙaramin mukayyif, wato na'urar sanyi, to in bango yana tare zafi ƙaramin ma ya isa. Na bugi ƙirji na ce mijina ne ke buga tambarin da hannunsa, ba zai buga wa banza ba. Kowa ta kawo abin da take iyawa, har masu wanke-wanke a gidajen Larabawa.

Da na gaya wa babanku, sai ya daɗe yana juya cokali a shayi.

"Bari in yi wa Yaya Bala magana da kaina," ya ce.

Na ɗauka rangwame zai nema. Alhaji Bala shi ne shugaban ma'aikata a kamfanin. A Jidda aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa, amma iyayensa da na babanku 'yan gari ɗaya ne, kuma shi ya samo wa babanku aikin. Don haka babanku bai taɓa kiransa da komai ba sai Yaya, ko zaune yake in ya ji muryarsa a waya sai ya gyara zama. Bayan 'yan kwanaki Alhaji Bala ya aiko cewa ba komai, Iya uwarmu ce gaba ɗaya, zai zaɓa mata da kansa.

Ranar da motar ɗaga kaya ta ɗora ɗakin a saman benen, unguwar ta cika kamar ana biki. Fari ne tas, ga taga mai gilas, ga tambari yana ƙyalli. Iya Gambo ta shafa bangon da tafin hannu ta yi ta kuka tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya. Lokacin sanyi ne, kowa ya shiga sai ya ce masha Allah. Ni kuwa kaina ya yi girma, ban ɓoye ba.

Sai zafi ya shigo. Ku da kuka tashi a can kun san zafin Jidda, mai gumi, wanda riga ke manne wa mutum tun kafin ya kai bakin titi. Ranar da na fara hawa wajenta da azahar, na tura ƙofa wani huci ya doke ni a fuska. Mukayyif na ta gurnani, iskar da yake fitarwa ba ta kai tsakiyar ɗaki. Na taɓa bango na janye hannu. Iya tana zaune a kan darduma, zufa na bin wuyanta.

"Iya, ɗakin nan ba zafi?"

"Wane irin zafi, 'yar nan? Ai ni tun da nake ban taɓa kwana a wuri irin wannan ba. Allah ya saka muku."

To a nan ne abin da har gobe yake ƙona mini rai yake. Iya Gambo ba za ta taɓa buɗe baki ta kushe kyauta ba, ko da kyautar na dafa ta. Ba ma wannan kaɗai ba, sai ta daina saukowa ƙarƙashin matakala, wai kada matan da suka haɗa guminsu su gan ta a ƙasa su ce ta raina abin da aka yi mata. Matan da ke hawa gaishe ta kuma duk sun ji zafin, suna zaune suna fifita da gefen mayafi suna cewa kai, bana rana ta yi yawa, amma ba wadda ta ce ɗakin ne, saboda ni na kawo shawarar kuma mijina ya buga tambarin, ba sa son su ba ni kunya. Ni ma da na ji, na ce wa kaina ƙila mukayyif ɗin ne ya yi ƙanƙanta, na yi wa babanku maganar sau ɗaya, ya ce zai duba, na bar shi don kada ya ga kamar ina zargin aikinsa. Wayar wuta ta riƙa zafi tana yankewa, mai gida ya yi ta mita, wani lokaci ya kashe layin saman gaba ɗaya da rana, Iya ba ta faɗa wa kowa ba. Kowa yana yi wa kowa kara, tsohuwa tana gasuwa a tsakiya. In an ce mu mutanen kirki ne masu kawaici, ni dai na ga abin da kawaicin ya yi a saman benen nan.

Wata ranar Talata Hajiya Talatu ta kai mata kunu ta same ta a kife kusa da ƙofa. Ba mu isa mu kai ta asibitin gwamnati ba, ba takarda, sai wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a cika tambaya ba. Likita ya ce zafi ya haɗu da hawan jini, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakinta ya karkace, maganarta sai wanda ya saba da ita. Muka dawo da ita, muka riƙa karɓa-karɓa wajen jinya. Da yake yanzu a cikin ɗaki za a riƙa yi mata wanka da alwala, na ce wa babanku ya zo ya huda mana rariya a ƙasan bango ruwa ya riƙa fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya hau da kayan aikinsa. Ina tsaye a kansa ya yanke katakon ciki, faɗin tafin hannu biyu. Na san audugar nan, na sha wanke ƙaiƙayinta a kayansa, don haka na matsa baya kada ta taɓa ni. Ba abin da ya fito. Ya tura hannu har gwiwa, ya laluba sama, ya laluba gefe, ina jin yatsunsa suna ƙwanƙwasar kwanon waje. Ya zaro hannun ba ko zare. Bai dube ni ba. Ya tashi ya je wajen soket ɗin wuta ya kwance murfinsa, sai ga auduga rawaya ta leƙo. Ya ja ta, ta fito gaba ɗaya, ba ta fi curin fura biyu ba. Ya kwance ɗayan soket ɗin da makunnin fitila, su ma haka.

Na ja shi waje bayan tankin ruwa inda Iya ba za ta ji ba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Mai dubawa soket yake buɗewa," ya ce, murya can ƙasa. "Ba ya son a ɓata bango, sai ya kwance murfi ya leƙa. To akwai ɗaki na gaske, akwai na soket."

"Ka sani ke nan."

"Kowa a wurin ya sani, Rabi. Bangon a rufe yake zuwa mini, ban san wanne ne wanne ba. Shi ya sa na je wajen Yaya da kaina. Ya dafa kafaɗata ya ce na gaske zai ba ta."

Na dubi mutumin nan da na aura, wanda ko kuɗin wani ya tsinta a titi sai ya yi cigiya, na rasa ta inda zan fara. Na tambaye shi su wa ke kwana a cikin sauran, waɗanda ake kaiwa sahara. Ya ce leburori, 'yan ƙasashe daban-daban. Na ce su ba su da uwaye? Sai ya koma ya tsuguna ya ci gaba da gyara rariyar. Ni kuwa na tattara audugar nan kaf na zuba a kwanon da na kawo wa Iya abinci, na rufe. Duk abin da ke cikin bangon ɗakin bai cika kwanon ba.

Washegari na tafi gidan Alhaji Bala. Matarsa ta kawo mini shayi da dabino, shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofar falo yana jan carbi. Na buɗe kwanon na ajiye a kan kafet. Ban zage shi ba, Allah ne shaida, na dai ce ya aiko a cika bangon Iya, kuma ya daina sa mijina yana buga tambari a kan iska.

"Hajiya Rabi, kuskuren yara ne a wajen lodi," ya ce. "Ciwo kuma na Allah ne, tsohuwa ce. Halas, shi ke nan, ki bar maganar."

"A cika bangon fa?"

"Sai an kwance ɗakin gaba ɗaya, wa zai ɗauki wannan? Ku ƙara mata fanka." Ya ɗan yi murmushi. "Ki riƙa tunawa da yaranki, suna makaranta. Ita Iya ma ba takarda gare ta ba, in magana ta yi yawa ita za a fara ɗauka."

Na ɗauki kwanona na fito. Fanka. Matar da ta yi wa ƙannensa wankan jariri, ya dubi idona ya ce fanka. Muka sauko da Iya ɗakin Hajiya Talatu, tana ta nuna sama da hannunta mai lafiya tana gunaguni wai a mayar da ita kada a ce ta gudu. Na riƙe haushina na wasu makonni, har ranar da babanku ya ce in goge masa kayan aiki da kyau.

Kada ku ɗauka ban yi tunaninku ba. Na yi, har na ƙosa. Abba yana gab da gama sakandare, Sadiya ta fara haddar izu na sama, ƙanananku Hausar ma ji kawai kuke, amsa da Larabci. Na san abin da nake ɗorawa a faranti. Amma na yi zaton in gaskiya ta fito fili, masu laifi za a kama. Wannan shi ne iyakar wautata, kuma ba na jin kunyarta. Na sa abaya na ɗauki tasi. Mai gadi ya san ni, don nakan kai wa babanku da abokansa tuwo wani lokaci, ya ga kwano a hannuna ya buɗe mini ƙofa.

Na same su a filin da ake jera ɗakunan da aka gama. Injiniyan wani Balarabe ne mai furfura, ba ɗan ƙasa ba, shi ma da nasa kafilin. Alhaji Bala na gefensa yana riƙe masa lema, babanku na baya da jakar kayan aiki don kwance murfin soket. Na ratsa na ajiye kwanon a gaban injiniyan na buɗe. Da Larabcina na kasuwa na gaya masa wannan ce duk audugar ɗaki guda mai tambarinsa, kuma mai ɗakin tana kwance rabin jiki. Na ce in yana son ya sani, ya bar soket, ya huda tsakiyar bango. Alhaji Bala ya fara cewa mace ce mai taɓin hankali. Mutumin ya daɗe yana kallon kwanon, na ga ba ya son abin da ya faɗo masa. Sannan ya je ya ɗora yatsa a tsakiyar bangon ɗakin da ke kusa, ya waiwaya ya ce wa mai jakar kayan aiki ya yanke nan. Haka babanku ya yanke bangon a gaban kowa, a gaban Yayansa, ya matsa gefe. Injiniyan ya leƙa, ya sa aka yanke na biyu da na uku. Bai ce mini na gode ba. Da zai wuce ta gefena ya ce a hankali, "Allah ya taimake ki, 'yar'uwa."

An hana su tambari a wannan zagayen, wani babban ɗan kwangila ya fasa ciniki. Kafin mako ya zagayo aka kira babanku ofis aka ce za a buga masa takardar fita daga ƙasar ta dindindin, shi da iyalinsa. Alhaji Bala ko gezau. A unguwa kuwa, matan da muka yi jinyar Iya tare suka fara amsa gaisuwata a taƙaice, don da yawansu mazansu ko ƙannensu a kamfanin suke ci. Har aka ce na tona asirin Hausawa a gaban Larabawa. Asirin wa? Wanda ya cuci tsohuwa shi ne mai asiri, ni da na faɗa ni ce mai laifi. Babanku ya daina yi mini magana sai ta dole, yana cin abinci ya tashi.

Sai dattawan unguwa suka shiga tsakani, suka dawo da sharaɗi. Mai kamfani zai janye fitar in na je gaban wakilinsa da injiniyan na ce mu da kanmu muka zare audugar bangon Iya muka yi filo da ita, don mu Takari ne, kamar yadda suke kiran mu 'yan Afirka, ba mu san bambancinta da audugar gona ba, da ciwo ya zo kuma na ɗora wa kamfani. Ɗakunan da aka yanke a fili an riga an ɗora laifinsu a kan wasu lebura biyu da aka sallama, saura nawa bakin. Ku ji fa, in tsaya in ce ni jaka ce mai kwanciya a kan gilas, kuma maƙaryaciya.

Ga abin da ba ku sani ba. Na yarda. Na dubi Abba yana guga kayan makaranta, na dubi ƙanananku kuna faɗa a kan tashar talabijin, na ce wa dattawan su sa rana, zan faɗa. Na yi ta maimaita kalmomin a kicin har suka daina maƙale mini.

A falon Alhaji Bala aka zauna bayan la'asar. Maza a ciki, ni a bayan labule tare da matarsa. Aka yi addu'a, aka zuba gahawa, wani dattijo ya yi doguwar magana a kan zumunci, sannan ya ce, "To Hajiya, bismillah." Na buɗe baki ke nan sai na ji muryar babanku.

"Ku dakata. Ba za ta faɗa ba."

"Sani, ba da kai ake ba," in ji Alhaji Bala.

"Da ni ake, Yaya. Ni na yanke bangon Iya, ni na sa hannuna a ciki. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba za ta yi a gabana ba." Ya ɗan tsaya. "Ka dafa kafaɗata ka ce na gaske ne."

Dattawa suka yi ca a kansa, wannan na cewa ka tuna yara, wancan na cewa shaiɗan ne. Ni kaina daga bayan labule na ce, "Malam, ka bari, na yarda." Bai ko waiwayo ba. Na ji ya ajiye finjalin gahawa, ya yi musu sallama da ladabi kamar yadda ya saba, ya ce in fito mu tafi. A hanya yana gaba ina baya har muka kusa gida, sannan ya tsaya ya jira ni. Ya ce shekara nawa yana buga abin nan yana ce wa kansa ba shi ya rufe bangon ba. Ya ce in fara ɗaure kaya.

Sauran kun gani da idonku. Iya Gambo ta rasu a ɗakin Hajiya Talatu ba mu daɗe da dawowa ba, wani alhaji ya kawo mana labari. Takardun makarantar Abba suka zama ba su da amfani a nan sai da ya koma baya, yara suna yi muku dariyar Hausarku, babanku ya buɗe 'yar rumfar gyaran tagogi wadda ba ta taɓa riƙe gidan ba sai da na haɗa da ɗinki. Duk na sani, ba sai kun tuna mini ba. Ku abin da kuka ji a unguwa kafin mu taso shi ne Umma ta je kamfani ta yi tijara, kuka riƙe shi. Abba ya yi watanni yana karɓar abinci daga hannuna ba ya duban fuskata. Da yamma sai ya je ya zauna a rumfar babanku yana zayyana masa laifina da Larabci, shi kuma yana saurare yana goge gilas. Wata rana babanku ya shigo idonsa ja wur.

"Rabi, zan gaya masa. Ba zan iya ba."

"Ka gaya masa ya koma wajen wa?" na ce. "Ya rasa garinsa, ya rasa abokansa, ni ya riga ya yi fushi da ni. Kai kaɗai ka rage masa. Ka bar shi."

Ya sake tayar da maganar sau da yawa, har a ciwonsa na ƙarshe, ni na hana shi. Ban yi don a gode mini ba, kuma ban rubuta wannan don ku zo ku durƙusa kuna ba ni haƙuri ba. Na je kamfani da kwano, wannan nawa ne, kuma da za a mayar da ni ranar zan sake ɗaukar tasi. Amma ƙofar da za ta bar ku a Jidda a buɗe take, na riga na sunkuya zan shiga, babanku ne ya rufe ta da hannunsa, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Wanda a cikinku yake da sauran fushi ya san hanyar maƙabarta. Ya je ya tsaya a kansa ya faɗa masa, in zai iya.